Jirgin Baffa Sallau

Shekara talatin da ɗaya Baffa Sallau
yana sharar cikin jirage a filin jirgin Kano,
yana tsintar guntayen tikiti a ƙarƙashin kujeru.
Bai taɓa tashi ba, ko taƙi ɗaya.

Da ya ajiye aiki, sai ya hau soronmu na Yakasai
da tarkacen Ƙofar Ruwa:
fankar sama mai fiffike biyu,
kujerar adaidaita sahu, sitiyarin tsohuwar fijo,
da matakin keken ɗinkin Iya,
wanda ta yi wata uku tana cigiya.

In an ɗauke wuta bayan isha'i
sai ya girgiza gwangwanin tikitinsa:
"Ladidi, zaro mana gari,
ki ɗaure ɗankwali, sama akwai iska."
Ni ce mai takawa, shi ne matuƙi.

Sai Dala ta koma curin fura,
rijiyoyin marinar Ƙofar Mata su zama gurbin dara,
fitilun masu shayi su watse kamar gero.
Mu haye Agadas, raƙuma a ƙasa kamar jerin tururuwa.
Teku kuwa, da ya ga ba ta da gaɓa,
cewa ya yi, "Ashe Tiga kududdufi ce."

Mun je Sin mu ga inda yadin Kwari ke fitowa,
ya taya wata shadda daga sama, aka ce albarka.
Mun je ƙasar ƙanƙara, inda rana ke ƙin faɗuwa,
ya yi shiru, ya yi shiru,
can ya ce, "To su yaushe suke shan ruwa?"
A Makka kaɗai yake cewa in rage taki,
ya cire hula ya mayar,
ban taɓa tambayarsa me ya gani ba.

"Tuwo fa ya huce!"
Muryar Iya ce hasumiyarmu.
Mu sauka tsakanin igiyar shanya da akurkin tantabaru,
ƙafafuna na rawa da gaske.

Bara na shiga jirgin gaske, zuwa Legas,
shekara shida da rufe Baffa a Ɗandolo.
Kowa na rububin taga,
ni na sunkuya ina leƙen ƙarƙashin kujera.
An share tas.
Na ajiye guntun tikitina a wurin,
ko mai sharar yana da jika.