Farcen Babban Yatsa

Shagona yana wuyan tudu a Valparaíso,
inda tsohuwar motar hawan dutse ke tari kafin ta tsaya.
Ranar Talata, ruwa na zuba tun asuba,
Filomena Catrileo ta shigo da kwamfutar babanta
naɗe cikin rigar sanyi, kamar jinjiri.

Ta ce, "Wata biyar ke nan da rasuwarsa.
Yayana ya share komai, zai sayar.
Akwai hoton mamana a ciki, ƙwaya ɗaya tak,
na ranar da suka sayi kwalekwale."

Na kunna. Fanka ta yi nishi,
ta huro warin gishiri da tokar taba.
Na shiga jaka, na fita jaka,
ɗaki cikin ɗaki, kowanne fayau.
Kwandon shara ma an zazzage shi.
Inda hotunan suka kwana
an jibge finafinai da wasan tseren mota,
abin da aka yi gini a kansa kuwa
ya fi ƙarfin mai tono.

Sai dai na san halin wannan na'ura,
shekara ashirin muna cin tuwo ɗaya.
Duk ranar da ka buɗe jakar hotuna
takan riga ka leƙawa,
ta fizgi kamannin kowane fayil,
ta ƙanƙance shi, bai wuce farcen babban yatsa ba,
ta jera a allo
don ido ya zaɓa kafin hannu ya buɗe.
Kuma don kada gobe ta sake wannan wahala
sai ta tura ƙananan wani lungu nata
ta yi shiru.
Ragwanci ne, ba ƙauna ba.
Amma tsintsiyar yayan ba ta san lungun ba.

Na kutsa. Dubu biyu da ɗoriya.
Rasitin wuta. Kifi a kan sikeli.
Kifi kuma.
Kare mai kunne ɗaya, ya fi sau arba'in.
Yatsan Anselmo ya toshe rabin teku.
Takardun asibiti, rubutunsu ya zama jerin tururuwa.
Filomena na tsaye a bayana, laimarta na ɗiga a kan takalmina.

"Tsaya."

Mace cikin jar hula,
hannu ɗaya a kan kwalekwale shuɗi.

Ta ce in ƙara masa girma.
Na ce, kama da wane ba ta wane,
wannan inuwa ce, mai jikin ya tafi.
Ta ce in ƙara dai.
Na ja. Fuskar ta warware ta zama tubala,
ido tabo biyu, baki ɓarɓashin bulo,
hular ta tsiyaye cikin sama.
Na saki, ya koma ƙarami,
sai ga matar ta dawo tana dariya,
ko kuma rana ce ta matse mata ido.
Ni ban sani ba. Ita ta ce dariya ce.

Na buga mata shi yadda yake,
kan sarki ma ya ɗan fi shi.
Ta yanke da almakashina,
ta cusa a bayan wayarta.

Har ta kai ƙofa ta juyo.
"Wanda zai saya, shi ma zai iya ganin nan?"
Na ce, in ya san hanya.
Ta daɗe tana kallon karen,
da takardun asibitin da bai taɓa nuna musu ba.

"Share."

Na share.
Na'urar ba ta ko tari ba.
Na buɗe jakar hotuna don gwaji,
ta leƙa da saurin nan nata,
ba ta samu abin fizga ba,
ta miƙo mini farin allo.

Kuɗin gyaran fanka kaɗai na karɓa.
A waje, motar hawan dutse ta fara gangara
da mutum uku da keken wani.