Koriyar Taga

Ba na zabura daga gado.
Nakan zauna a bakinsa, ƙafafu a ƙasa,
in ƙirga ashirin
har jini ya tuna hanyar kaina.
Shekara tamanin da uku sun koya mini
cewa sauri kan haifi nawa.

Sai taga, koriyar nan mai kukan ƙyaure.
In na buɗe ta kafin ƙararrawar cocin Vinhais ta buga bakwai,
Baltazar, can ƙetaren titin duwatsu,
ya san Ermelinda ta kwana ta tashi.
Shi ma ya buɗe tasa.
Ba ma ɗaga wa juna hannu. Gaisuwar ke nan.

Kafin gahawa ta tafasa
nakan dafa tebur, in tsaya da ƙafa ɗaya
kamar zalɓe a bakin rafi,
in sauke, in ɗaga ɗayar.
Magani na cikin ƙananan kofuna bakwai
da na gada wurin uwata; na Laraba ya tsage a baki.
Mabuɗi a ƙusa, tabarau a wuya.
Dardumar da na saƙa da hannuna,
wadda ta harɗe ni bara waccan,
na ninke ta na ba kare.

Duk Lahadi ɗana Fausto kan bugo daga Faransa:
"Mama, akwai gida a Bragança, da masu jinya."
In ce masa, to wa zai ba kabejina ruwa?
Wa zai yi wa itacen zaitun faɗa?

Ran wata Talata na buɗe tagata.
Ƙararrawa ta buga bakwai, ta yi shiru.
Ta Baltazar ko motsi.

Ban yi gudu ba.
Na sa takalmi, na ɗaure igiyarsa tamau,
na ɗauki sanda, na sauka matakala goma sha ɗaya
riƙe da ƙarfen da shi ya kafa mini,
zuciya ta yi gaba, ni ina biye.

Na tarar da shi zaune a ƙasan kicin,
kujera a kife, gwangwanin sukari a hannu,
yana tsine wa wanda ya kafa kanta da tsawo haka.
Shi ya kafa ta, shekara arba'in baya.

Ba ni da ƙarfin ɗaga shi.
Na miƙar da kujerar, na jawo ta kusa,
na ce: gwiwa ɗaya, hannu biyu, huta, sai ɗayar,
yadda malamar asibiti ta nuna mini.
Ya miƙe yana ƙunƙuni.

Da yamma muka sauko da komai daidai ƙugu:
sukari, gishiri, tukwane, kwalbar mai.
A kantar sama ba abin da ya rage
sai hoton matarsa,
ita da ba ta bukatar a sauko da ita.

Washegari ya riga ni buɗe taga,
don dai in ji haushi.