Haihuwa Bayan Rabon Gado

A Freshwater nake aiki, can ƙuryar tsibirin Wight,
inda ƙasa ke ƙarewa da farin dutsen alli
kamar an gutsuri gurasa an bar sauran ga teku.
Ni ke ba Cyril Attrill maganin safe,
ni ke ɗaure masa igiyar takalmi.
Shekararsa casa'in da ɗaya.
Sunan matarsa ya kuɓuce masa tun bara,
amma awon kananzir na nan daram a kansa.

Ran Laraba sai ya ce mu hau tudu.
Keken turawa, bargo, shayi a gora,
iska na fizgar mayafina kamar mai bina bashi.
A sama akwai ramuka biyu na siminti,
sun buɗe baki ga ruwa, ciyawa ta ci leɓensu.

"Nan muke ɗaure ta, Tasalla," in ji shi,
"tam, kamar bijimin da ake jin tsoro.
Mu ba ta wuta, ta yi ruri, mu hana ta tashi,
mu zauna ƙarƙashin ƙasa muna rubuta numfashinta.
In na koma gida da yamma, kunnena na kuka,
uwargida ta ce in ci abinci, in ce mata na'am, ƙarfe shida."

Roka yake nufi. Baƙar Kibiya sunanta,
ga ta da jan kai kamar jan-baki.
Nan aka koya mata murya,
hamadar Ostiraliya aka kai ta koyon tafiya.
Ba a gama shiri ba takarda ta fito daga Landan:
kuɗi sun yi yawa, a nannaɗe tabarma,
in buƙata ta taso a yi haya wurin Amurka.
Da yake kaya sun riga sun kama hanya
aka ce to, ku harba wannan ɗin, daga ita a tashi.

Oktoba, alif ɗari tara da saba'in da ɗaya,
ta tashi.
Ta kai ɗanta falaki ta sauke,
ɗan tauraro da bai kai nauyin buhun masara ba.
An yi haihuwa bayan an raba gado.

Na ce masa a garinmu, Gumel, akan ce
haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.
Ya sa na fassara har sau biyu,
ya yi dariya sai da tari ya sarƙe shi.
"Uwar dai ta kwanta cikin rairayi," ya ce,
"ɗan ko gyangyaɗi bai yi ba.
Shekara hamsin da ɗoriya yana zagaya mu,
babu mai kiransa, bai kuma yi fushi ya faɗo ba."

Ban gaya masa ba
cewa babana ya sayar da fadama ya saya min tikiti,
ya rasu saura kwana tara albashina na fari ya fito.
Ban gaya masa an sa wa ɗakin kwaɗo ba.
Na dai gyara masa bargo.

Da dare yakan farka ya danna ƙararrawa.
"Ya wuce?"
In ɗaga labule. Hadari, fitilar jirgin kamun kifi,
wani abu na ƙyaftawa da ban san ko mene ne ba.
Ba a ganinsa da ido, shi ma ya sani.
In ce, "Yanzun nan."
Ya ce, "A kan lokaci?"
In ce, "Ya ɗan makara."
Ya ce, "Ba ya makara. Agogonki ne."

Sai ya juya wa bango fuska.
Ni kuwa in tsaya a taga, kofi na hucewa a hannuna,
ina lissafin ƙarfe nawa ne a gida.