Wuƙar Fiƙe

A kwalin taliya aka kawo su daga Kwarbai,
bayan sadakar arba'in ɗin mai gidan.
Jikansa ya ce a saman azara suka tsince su,
cikin gafakar da gara ta cinye ta bar igiya.
Na sa hannu a takardar karɓa,
ya tayar da babur ɗinsa, bai waiwayo ba.

Ba littafi ba ne, ɓarɓashin littafi ne.
Wani kamar tafin hannu, wani kamar ganyen zogale.
Na ɗauki ɗaya da hantsaki,
ina riƙe numfashi kada ya tashi.
Tsawo, santimita goma sha ɗaya.
Faɗi, gwargwadon inda tsagar ta ga dama.
Tawadar gabaruwa ta koma kalar shayi,
jan wasali kuwa yana nan da ransa.

Kwamfuta ta buɗe mini gidajenta.
Sunan littafi? Ba a sani ba.
Marubuci? Ba a sani ba.
Shekara?
Malam Ilu ya ce wannan hannu ya girmi kakan kakansa,
Dakta Asabe ta ce a bar takarda ta faɗa da bakinta.
Suka yi ta ja har shayinsu ya huce.
Ni dai na rubuta: lamba ɗari huɗu da sha biyu.

Cikin shafin Larabci ne, hukuncin ruwa,
wanda ya tsarkaka da wanda ya sauya ɗanɗano.
Amma a gefe, a karkace, da ajami,
wani ya matse ƙananan baƙaƙe:
"Wanda ya karanta wannan, don Allah ya"

Nan takardar ta yage.

Na ƙarasa masa da kaina.
Me mamaci zai roƙa in ba addu'a ba?
Shekara biyu ina sa shi a bakina,
a cikin a-daidaita daga Samaru zuwa Tudun Wada,
a gadar Kubanni in cunkoso ya tsayar da mu:
Allah ya jiƙan mai hannun nan, ko wane ne shi.

Ran wata Laraba, ana ruwa, an ɗauke wuta,
janareta na tari a bayan taga,
ina bin hotunan da Zulai ta ɗauka
na wani akwati daga Kusfa,
sai ga lamba ɗari tara da uku.
Bakin tsagarta na da tozo
irin na Kufena in an hango shi da yamma.
Na san tozon nan. Na san kwarinsa.

Na ja ɗaya da linzamin kwamfuta,
sannu, sannu,
har baki ya kama baki,
har ramin gara ya zama rami guda,
wata ba'un da aka raba da ɗigonta ta same shi.

"ya mayar wa Ɗanbaiwa wuƙarsa ta fiƙe.
Tun damina na are ta. Kunya ta hana ni."

Na yi dariya har Malam Ilu ya leƙo.
Sannan dariyar ta tsaya mini a wuya.

Ina Ɗanbaiwa? Wace unguwa, wane zaure?
Ya jira? Ya sayi wata a kasuwa ya yi shiru?
Ko da wuƙar aka fiƙe alƙalamin
da ya rubuta hukuncin ruwan nan duka?

Takardun ba za su kwana tare ba.
Ɗaya ta mutanen Kwarbai ce, ɗaya ta mutanen Kusfa,
kowace da akwatinta, kowace da magadanta.
A fuskar gilashi kaɗai suke shafi guda.

A gidan ƙarin bayani na rubuta:
"Haɗe da 903. Akwai aro a gefe, ba a san ko an mayar ba."
Na adana, na kashe.

Addu'ar ban janye ta ba.
Amma kafin in fita na zazzage jakata,
na ciro biron Zulai da ke wurina tun azumi,
na ajiye mata a kan tebur.