Lodin Ƙarshe

Shekara ashirin da shida
ina ɗauke da maganar gwamnati a bayan akori-kura,
ɗauri-ɗauri, da igiyar rama,
tawadarta ba ta gama shan iska ba.
Gazet, kasafin kuɗi, lissafin ruwan bana,
yawan shanun da aka yi wa allura.
Ban taɓa karanta shafi uku a jere ba,
amma kafaɗata ta san nauyin kowace doka.

Litinin Kware da Gwadabawa.
Laraba in bi ta Achida,
in isa Wurno kafin azahar
idan taya ta yarda.

A Wurno Malam Jabbi ke jira.
Ba ya sa hannu sai ya ƙirga,
ya lashi yatsa, ya sake ƙirgawa,
ya sunsuna na saman kamar mai tayin nama,
sannan ya ce, "Mode, wanga karo sun yi rowar takarda."
Ya hatimce, ya jera a kanta ta uku,
inda gara ta riga kowa karatu:
ta cinye shekara huɗu na rahoton noma,
ta bar bango da sunan ma'aikata.

Yau na zo babu ɗauri.
Ambulan guda, a aljihun gaba.
An ce daga yanzu komai yana intanet,
ga adireshin, layi ɗaya,
ko tsawon tsinken tsire bai kai ba.
Motar ta yi ta tsalle a hanya don rashin kaya,
kamar jakin da aka sauke wa taiki
bai san inda zai sa kansa ba.

Malam Jabbi ya juya takardar, ya duba bayanta.
Fari fat.
Ya nemo ƙaro ya manna ta a ƙofa.
Kwamfutar da aka aiko bara tana lulluɓe da zane,
tun watan azumi ba a kawo wuta ba.

Muna nan sai ga tsoho Boyi da sandarsa,
yana neman sanarwar nan ta iyakar fadama,
wadda suke ja da maƙwabcinsa
tun albasar da ta wuce.
Da can sai a sauko da kundi, a kaɗe, a bi da yatsa,
a sha ruwa, a yi hirar tsadar taki.
Yau jikarsa Ige ta karanta layin ƙofa,
ta fita, ta hau tudun bayan masallaci
inda sabis ke sauka in ya ga dama,
ta ɗaga waya sama kamar mai duban wata.

Kafin in gama tauna goro ta dawo da shafin.
Ba zan yi ƙarya ba: ni da sai Laraba mai zuwa.

Boyi ya ce a ba shi ya riƙe.
Ya riƙe, hasken ya mutu a tafinsa.
"Ina ta tafi?"
"Tana nan, Kaka, taɓawa za ka yi."
"Abin da ke ɓacewa in an ƙyale shi,
da shi zan tsaya gaban alƙali?"
Malam Jabbi ya ce, "Aƙalla gara ba ta hawa can."
Muka yi dariya, ba mu kai ta ƙarshe ba.

Na miƙa littafin sa hannu, don sabo.
Ya rubuta: an karɓa, guda ɗaya.
Ya lashi yatsa.
Babu abin ƙirgawa.

A bakin tasha mai ƙosai ta tare ni,
wai ina tsoffin takardun ƙunshi da na saba rage mata.
Na ce sun koma sama.
Ta ce, to Allah ya jiƙansu,
ta zuba mini a leda.