Ƙullin Baba

Ruwan Yuni ya ɗauke daga Nima.
Muka yaye tamfol daga kan jirgin,
sai ga kyanwar gidan Hajiya Memuna
ta haifi huɗu daidai inda Baba yake zama.
Sumaila ya kwashe su cikin kwalin madara,
ni na shiga da tsintsiya.

Ɗan jirgi ne, bai fi taku goma sha huɗu ba,
a kan tirela mai taya biyu, ɗaya ta sace.
Shi ne sallamar Baba
bayan shekara ashirin yana tuƙa wani Bature zuwa Ada.
'Yan unguwa suka ce an cuce shi.
Shi dai ya sayi fenti.

Gishirin teku ba ya mantuwa.
Ya bi noti, ya ci ƙusa,
ya bar jan yawu a jikin ƙarfe.
Sumaila na kwance a ƙasa da gwangwanin giris,
yana zagin tsatsa kamar tana jin Hausa.

Zanen kama iska kuwa aikina ne.
Na shimfiɗa shi, ya cinye tsakar gida har bakin famfo.
Ɓera ya buɗe masa taga uku.
Keken ɗinkina da ya saba da leshi
sai da ya karya allura biyu kafin ya yarda.
Facin da na samu shuɗi ne,
ragowar rumfar mai sayar da dokunu.

Masu zuwa sayen koko suna leƙe ta katanga:
Adiza, me ya haɗa 'yar Zango da teku?
Ku bar wa masuntan Chorkor abinsu.
Na ce to.
Na ci gaba da taka keke.

A gindin doguwar sanda na tarar da shi,
ƙullin da Baba ya yi bara,
ran da ya dawo yana tari, ya ce sanyi ne kawai.
Igiyar ta ruɓe, ƙullin bai ruɓe ba.
Sumaila ya miƙo wuƙa.
Na ture hannunsa.

Na ɗiga masa manja.
Na bi shi da tsinin almakashi,
daga la'asar har aka kira magariba,
zare na sakin zare,
sai kawai ya buɗe a tafin hannuna.

Nan na tsaya da igiya miƙaƙƙiya,
ban san ta inda ya bi ya ɗaura ba.

Gobe da asuba tasin Fuseini za ta ja mu,
mu bi hanyar Tema kafin motoci su farka.
Sabuwar igiya sidi tamanin.
Na yi mata ƙulli irin na tela,
mummuna, sau uku a kan juna.
Sumaila ya ja da ƙarfinsa duka,
ya ce zai riƙe.