Lita Saba'in

A Viveiro ruwan sama ba baƙo ba ne.
Shekara arba'in ina gyaran famfo a garin nan,
ina korar ruwa daga ɗakunan mutane.
Yau ga jikata Sabela a bakin gareji
da tsohuwar motar burodi mai tsatsa a ƙugu,
wai in koya mata yadda ake ɗaukar ruwa.

Cikin motar har yau ƙamshin fulawa yake.
Ta zana gado da alli, ta zana murhu,
ta zana wurin wanka kamar na otal.
Na ce, "Yarinya, ajiye allin tukuna.
Kofi nawa kike sha kafin rana ta faɗi?
Daga nan ake farawa."

Muka zauna kan kwali muna lissafi.
Lita biyu ta sha, uku ta girki,
huɗu ta kwanuka in ba a yi ganganci ba.
Ta wanka kuwa mun sha ja-in-ja,
sai da gahawa ta huce muka tsaya kan biyar.
Ita tankin ɗari da hamsin take so.
Na ce kowace lita kilo ce,
mota kuwa ba ta iya ƙorafi ba,
sai dai ta durƙusa a tsakiyar hawa.

Saba'in muka yanke.
Tanki a ciki, jingine da tayar baya,
ba a ƙarƙashi ba, inda sanyin tsaunuka
zai mai da shi dutse kafin asuba.
Na taɓa ganin bututun tagulla ya tsage kamar ɓawon gyaɗa
a gidan wani likita mai taurin kai.
Ruwa in zai daskare ba ya neman izinin kowa.

Shuɗin tiyo na sanyi, ja na zafi.
Ɗan injin famfo mai lasar wutar batir,
mai gurnanin kyanwa in an buɗe.
Rariya a gabansa, kar yashi ya ci masa haƙori.
Ƙaramar kafa a saman tanki,
don ko tanki, in an cika masa ciki,
yana son wurin sararawa.

Ruwan datti ta manta, haka kowa yake yi.
Na ce wanda ya shiga sai ya fita:
jarka a ƙarƙashin kwanon wanke-wanke,
kuma kada in ji an ce jikar Anxo
ta juye kumfa a bakin rafin wasu.
Ta yi dariya, dariyar kakarta sak,
Uxía, wadda ba ta taɓa rufe famfo da kyau ba.
Shekara talatin da takwas
ina bin bayanta ina rufewa.

Ranar gwaji muka shimfiɗa tsohuwar jarida
ƙarƙashin kowace mahaɗa.
Muka cika, muka kunna, muka yi tsit.
Ɗigo ɗaya ya faɗo kan hoton 'yan ƙwallo.
Na gan shi. Na cusa hannuwana a aljihu.
Ta bi tiyo da ɗan yatsa, sannu sannu,
ta tsaya a bayan injin,
ta miƙo hannu ko waiwayo babu:
"Sifana, Kaka."
Rabin juyi kawai.
Ɗigon ya fasa dawowa.

Kudu za ta, Almería, inda aka ce rana ba ta hutu.
Na so in ce, zauna mana, nan ruwa kyauta yake zuba.
Abin da ya fito shi ne,
"In sanyi ya kama, buɗe makullin ƙasa, ki tsiyaye duka."
Ta ce ta rubuta, har sau biyu.
Ni ma na san na yi ta maimaitawa.

Da safe ana yayyafi, kamar kullum.
Ta sha kwana ta wajen gidan burodi,
na ji tankin ya yi ƙundum a cikin motar,
lita saba'in daga famfon gidana,
kwana biyar ke nan in ta yi tattali.
Na koma kicin. Famfon a rufe yake ruf.
Na tsaya dai ina dubawa.